Kuɗi ba sa zama jini, ba sa zama zuciya

Ƴan uwa, duk mai WhatsApp a wayarsa ya san irin wannan saƙon: hoton yaro a gadon asibiti, takardar likita, da lambar da za a tura taimako. An ce yana da rami a zuciya, ana neman miliyoyi a fitar da shi waje. Mukan tura abin da ya sawwaƙa, jika ɗaya, jika biyu, mu yi addu'a mu wuce. Allah ya saka wa kowa. Amma ni a ganina a rabin hanya muke tsayawa, don akwai abin da yaron nan yake buƙata wanda ba daga aljihu yake fitowa ba, sai daga jikin wani mutum.

Mu fara da ciwon kansa. Cikin jarirai 1,000 da ake haifa, wajen 8 suna zuwa da tawaya a zuciya. A Nijar ana haihuwar yara fiye da miliyan ɗaya a shekara, to ku yi lissafi: dubbai ke nan. Wani rami ne tsakanin ɗakunan zuciyar, wani hanyar jini ce ta tsuke, wani kuma ɓangare guda ne bai gama ginuwa ba tun a ciki. Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Jariri yana gajiya da zufa in yana shan nono, numfashinsa da sauri, ba ya ƙiba, ciwon ƙirji ba ya barinsa. Wani leɓɓansa da faratansa su yi shuɗi in ya yi kuka. Mai ɗan wayo kuma za ka ga yana cikin wasa ya tsuguna don ya samu numfashi. A gidajenmu sai a ce iska ce, ko baki ne, a yi ta jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure. Alhali ciwon suga ko rubela, wani ciwo mai kama da ƙyanda, in sun sami mai ciki suna iya jawo shi, sau da yawa ma ba laifin kowa ba ne.

Ƙananan ramuka wasu da kansu suke rufewa. Da yawa kuma ana gyara su da tiyata, yaro ya tashi ya yi lakkol kamar kowa. Sai dai a irin wannan aikin inji ne yake riƙe aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, kuma likita ba zai fara ba sai ya ga ledojin jini a ajiye. Akwai kuma ƴan kaɗan da zuciyarsu ba ta gyaruwa, sai dai a canza ta. Uwa ba za ta iya ba da tata ba, uba ma haka. Dole ta fito daga yaron da girman jikinsa ya yi kusa da na maras lafiyan, wanda Allah ya yi wa rasuwa, kuma a dasa ta cikin awa 4 zuwa 6. Ma'ana, a ranar da wasu iyaye suke cikin baƙin cikin da ya fi kowane, a ranar ne ake roƙonsu su ce "mun yarda". Wanda bai taɓa jin zancen ba sai ranar, ina zai iya?

Kada wani ya ce mana wannan harkar Turawa ce. Dashen zuciya na farko a duniya a Afirka aka yi shi, a birnin Kef na Afirka ta Kudu, ranar 3 ga Disamba 1967, a hannun likita Christiaan Barnard. A nan maƙwabta, asibitin koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002.

Na san tambayar da ke zuciyar da yawanmu: addini ya yarda? Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda Nijar take cikinta, ta zauna a Jidda a 1988 ta duba mas'alar. Ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci a dasa wa mai rai in rayuwarsa ta rataya a kanta, da sharaɗin mamacin ya yi izini kafin ya rasu ko magadansa sun yarda. Ta kuma hana cinikin gaɓa. Akwai malaman da suka saɓa, kuma girmama gawa abu ne da babu mai wasa da shi. Amma saɓanin malamai ai zama ake yi a kansa, ba a rufe baki.

Sai tsoro, shi ma yana da dalili. A 2023 kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya, Ike Ekweremadu, saboda kai wani saurayi talaka Ingila don a cire ƙodarsa. In babu ƙa'ida a fili, jikin talaka ne yake zama kasuwa. Maganin wannan shi ne doka mai ƙarfi, jerin masu jira da kowa zai iya bincika, da hukunci ga duk mai saye ko sayarwa. Shirunmu dillalai kawai yake yi wa amfani.

Ban ce gobe za a dasa zuciya a Maraɗi ko Damagaram ba. Aikin yana son ɗakin farfaɗo da majinyata mai kayan aiki, wutar da ba ta ɗaukewa, da magungunan da yaro zai sha har ƙarshen rayuwarsa. Amma da rarrafe yaro kan tashi, kuma rarrafenmu shi ne jini. Kowace damina masassara tana ƙarar da jinin yara, mata suna zubar da jini wajen haihuwa, ana cewa dangi su nemo mai bayarwa cikin dare. Al'ummar da ke jin tsoron ba da ledar jini, wanda jiki yake mayarwa da kansa, yaushe za ta iya zancen zuciya?

Don haka ga abin da nake roƙo. In ka kai shekara 18, nauyinka ya kai kilo 50, kana da lafiya, je cibiyar ba da jini ta jiharka, a Yamai, Tawa, Maraɗi ko Damagaram, ba sai naka ya kwanta ba. Ku tafi da ƴan fada gaba ɗaya. In kin ga alamun nan a jikin jaririn gidanku, a kai shi likita a nemi hoton zuciya. Mu tambayi malamanmu hukuncin ba da gaɓa a bainar jama'a, mu nemi ma'aikatar kiwon lafiya ta bayyana mana ƙa'idojinsa da Hausa da Zabarmanci. Sannan kowa ya faɗa wa iyalinsa ra'ayinsa tun yana da lafiya, ko e ne ko a'a, don kada a bar su da nauyin yanke shawara a ranar kuka.