Kwas ta Intanet: Horar da Ma'aikaci ko Sauke Nauyi?

A shekarar 2011 wasu malamai biyu na Jami'ar Stanford da ke Amurka suka buɗe darasinsu na kwamfuta ga duk mai so ta intanet, sai ga mutum kimanin 160,000 sun rubuta suna. A 2012 aka kafa Coursera da edX, dandali biyu da ke ɗauke da darussan manyan jami'o'i. Ba a jima ba kamfanoni suka hango garaɓasa. Maimakon a kwashi ma'aikata a kai su wani gari, a biya masauki da alawus da malami, sai kawai a miƙa wa kowa lambar shiga a ce ya je ya koya. Coursera ma ta buɗe sashe na musamman domin kamfanoni a 2016.

To, wannan iska ta iso nan. Yau ba baƙon abu ba ne saurayi ya samu saƙo daga wajen aikinsa cewa ya kammala kwas kaza kafin ƙarshen wata. Ita ma gwamnatin Nijeriya, shirinta na 3MTT da ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan 3, ya jingina sosai a kan irin wannan karatu.

Babu shakka abin yana da alheri. Ɗan talakan da ba zai taɓa taka ƙofar Harvard ba, ga shi yana sauraron malamanta ta wayarsa. Kuma ba Musulunci ne zai hana ma'aikaci ƙaro ƙwarewa ba. Manzon Allah (S) da kansa ya umurci magatakardansa Zaidu bin Sabit (RA) ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙu, kamar yadda ya sanya wa wasu fursunonin Badar koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansa.

Amma abin tambaya shi ne, mutum nawa ke kai wa gaci? Wani bincike da aka buga a 2019 a kan darussan MIT da Harvard ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka kammala. Dalili a fili yake: ba malamin da zai tsare ka, ba abokin muraja'a, ba wanda zai neme ka in ka yi fashi. To, ina ga wanda ya wuni yana aiki, ya dawo gida ba wuta, kuɗin data kuma daga albashin da bai kai shi tsakiyar wata?

A nan ne zaluncin yake. Kamfanin da ya soke kasafin horarwa, ya ɗora wa ma'aikaci karatu a darensa da aljihunsa, sannan ya hana shi ƙarin girma don bai gama ba, bai horar da kowa ba, nauyinsa kawai ya sauke a kan mai rauni. Wanda zai ci ribar ƙwarewa shi ke da haƙƙin ba da lokaci a cikin awoyin aiki, da kuɗin data, da kuɗin takardar shaida. Attajiran Musulmi masu ɗaukar ma'aikata su ya kamata su fara nuna misali, don Allah (T) zai tambaye su.

Sai dai zaluncin wani bai halatta ha'inci. Akwai masu barin bidiyo na tafiya suna barci, akwai masu biyan wani ya amsa musu jarrabawa. Wannan cin amana ne. Ma'aikacin asibiti ko mai haɗa wutar sola da ya riƙe shaidar abin da bai iya ba, rayukan mutane yake wasa da su, albashin da ya ci da ita kuwa akwai magana a kansa.

Mafita ba ta da nisa, domin 'yan uwa sun riga sun san ta. Kamar yadda ake zaman ta'alimi, haka samari biyar ko shida za su zaɓi kwas guda, su tsai da rana a mako, su haɗa kuɗin data, wanda ya fi jin Turanci ya fassara, wanda ya yi fashi a bi sawunsa. Masu Larabci kuma ga Edraak, wanda aka buɗe a Jodan a 2014. A ɗauki sana'a, duk abin da ya saɓa wa aƙida a bar musu kayansu, kuma kada karatun ya ci lokacin salla.

Al'ummar da ke fatan tsayuwa da ƙafafunta tana buƙatar ƙwararru masu tsoron Allah, ba tarin takardu ba. Allah Ya ba samarin Musulmi ilimi mai amfani, Ya tsare su daga ha'inci.