An canja allon ƙofa, ina makarantar kiɗa?

A watan Oktoba na 2024 mahukuntan Yamai suka cire sunan Jean Rouch daga gidan al'adu na Faransa da Nijar, suka maye gurbinsa da na Mustafa Alasan. Wasu sun yi guɗa, wai an huta da kiɗan Nasara: ƴan goge su ashirin cikin baƙaƙen kwat, mai fiyano a tsakiya, jakadu na tafi. Wasu ƴan boko kuwa suna juyayi a ɓoye, don a ganinsu wayewa ke nan. Duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki.

Shin mene ne wannan kiɗa? Asalinsa kiɗan fada ne, na ƴar ƙaramar ƙungiya da ke wasa a zauren sarki. Haydn, wanda ake yi wa kirarin uban wannan fanni, ya shiga hidimar sarakunan Esterhazi a 1761, ya yi kusan shekara 30 yana sanye da tufar barorin gidan. Wato makaɗin fada ne, kamar yadda Ma'azu Ɗan Alalo ya kasance a Damagaram. Abin dariya, ma'aikacin da ke sunkuyar da kai in an ambaci Haydn shi ne zai hana ɗiyarsa auren ɗan maroƙi! Bambancin guda ne: can an rubuta. Mozart ya mutu a 1791, amma duk mai fiyanon da ya iya karatun alamomin kiɗa zai buga aikinsa yau kamar jiya ya gama shi. Nan kuwa in mai gurmi ya kwanta dama, sai a rufe shi da abin da ya sani.

Ba zance ba ne. Biram, kayan kiɗan Buduma na tafkin Cadi, saura ƙiris ya ɓace, sai da Malam Maman Barka ya je ya koya wurin gwaninsa na ƙarshe da tallafin UNESCO. Mamman Sani, wanda ya ɗauki kiɗansa na ogan a 1978, rediyo da talabijin suka yi shekaru suna amfani da shi, sai a 2013 wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya fitar da shi ga duniya. Ina ma'aikatar al'adu take a lokacin? Tana shirya bukukuwa.

To, a dubi Damargu. An ɗaga Belbeji ta zama gunduma a 2011, ta rabu da Tanut, an naɗa mata shugaba, an kafa tuta. Amma yaron Tanut ko Belbeji mai kunnen kiɗa, in yana son koyo a makaranta, cibiyar Alhaji Taya da aka buɗe a 1989 tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1000. Wane manomin hatsi ne zai ɗauki wannan nauyi? Fatake da ƴan kasuwar yankin suna yi wa makaɗa kari ranar biki, madalla, sai dai kari ba ya ajiye waƙa.

Ba wanda ke roƙon a jawo fiyano zuwa Tanut, inda hunturu da ƙura za su fasa katakonsa. Abin da ake nema ya fi haka arha: malamin kiɗa mai albashi a kowace gunduma, na'urar ɗaukar sauti, da izinin zagaya ƙauyuka a rubuta abin da tsofaffin masu goge, algaita da kalangu ke riƙe da shi. Gwamnan Damagaram da mahukuntan garin Tanut suna da ikon sa wannan cikin kasafin baɗi.