Wa Ya Aiki Edita Gyaran Abin Da Ba A Sa Shi Ba?

Akwai wani karambani da masu ƙera manhajojin rubutu suka mayar da shi abin alfahari, wato edita ya riƙa taɓa rubutun mutum ba tare da an tambaye shi ba. A wasiƙa ko labari ana iya haƙuri da wannan. A wajen gyaran facin manhaja kuwa, ɓarna ce tsagwaronta.

Faci ɗan fayil ne da ke faɗin layukan da za a cire da waɗanda za a ƙara a cikin wata manhaja. Larry Wall ya fitar da manhajar patch a 1985, Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005, kuma har yau masu aikin Linux ta imel suke tura facinsu. Ƙa'idarsa ba ta da sassauci. Layin da za a ƙara yana farawa da alamar +, wanda za a cire da alamar -, wanda aka bari yadda yake kuma da gurbi guda. A saman kowane yanki akwai lissafi kamar @@ -12,7 +12,8 @@, ma'ana daga layi na 12, layuka 7 za su koma 8. Lissafin ya saɓa da abin da ke ƙasa, Git ya ce faci ya lalace.

Sau da yawa a hanya yake lalacewa: manhajar imel ta karya dogon layi gida biyu, ko ta haɗiye gurbi. Sai mai aiki ya buɗe fayil ɗin don ya haɗe layin da hannunsa, aikin minti biyu. Yana adanawa, edita ya shiga nasa aikin. Ya share guraben da ke ƙarshen layuka, alhali asalin manhajar na ɗauke da su, sai layukan su daina dacewa. Ya mayar da tab gurabe, alhali Makefile da tab yake gane layin umarni. Ya sauya ƙarshen layi daga tsarin Unix zuwa na Windows, abin da ido ba ya gani. Wani editan ma sake lissafin saman yanki yake yi da kansa, kuma yana iya ɗaukar gajerun layuka biyu da Git ke sawa kafin lambar sigarsa a ƙarshen faci a matsayin layin da aka cire. An je neman gira an rasa ido.

Mu masu rubutu da Hausa mun fi kowa sanin wannan ciwo. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin tsohon tsarin Windows-1252. Editan da ya adana facin fassarar Hausa a wannan tsari maimakon UTF-8 zai mayar da su alamar tambaya ko tarkace, aikin mai fassara ya tafi a banza.

Masu kare wannan hali suna cewa ai ana iya kashe shi a saituna. To, ta yaya mutum zai kashe abin da ba a gaya masa yana faruwa ba? Gwani zai gano cikin minti biyar. Ɗan koyo da ya sayi data da kuɗin abincinsa zai tura faci sau uku ana dawo masa da shi, ya ɗauka shi ne bai iya ba, ya bar fagen. Wannan asarar ba mai lissafa ta.

Ba a ce share gurabe da daidaita layuka ba su da amfani ba. Ga sabon rubutu suna da shi. Amma fayil mai ƙarewa da .patch ko .diff ya riga ya faɗi sunansa, edita ya tsame hannunsa. In har zai sauya wani abu, ya nuna shi a fili, ya jira izini.

Kafin masu ƙera su su ji, kai mai gyara ka kare kanka. Ajiye kwafin asali kafin ka taɓa komai. Kunna nuna gurabe da tab. Bayan ka adana, gwada sabon da tsohon ta hanyar diff, sannan ka gudanar da git apply --check. In ka ga sauyin da ba hannunka ya yi ba, sauya edita.