Fomatin ba ya maganin tsutsar kwamfuta

Idan kwamfutarka ta fito da saƙo cewa za ta kashe kanta nan da daƙiƙa 60, kana kallo lamba na ta raguwa, mafi yawan masu gyara abu ɗaya za su ce maka: "Kawo a yi mata fomatin." Ni dai ban yarda wannan ne matakin farko ba.

Ita tsutsar kwamfuta ba ta jiran ka danna wani fayil kamar yadda bayiros ke yi. Da kanta take yawo ta intanet, ko ta wayar da ta haɗa kwamfutocin ofis, tana laluben ɓaraka a jikin Windows. Wadda ta fi yin suna da wannan ta'asa ita ce Blaster, da ta ɓulla a watan Agustan 2003. Takan afka wa wani sashe mai suna RPC, sashen ya durƙushe, sai Windows XP ta ce dole ta sake tashi. A ƙarshen Afrilun 2004 kuma sai ga Sasser, wadda wani matashi ɗan Jamus ya rubuta, ita ta kama sashen LSASS. To ga abin lura: Microsoft ta fitar da facin ɓarakar Blaster tun 16 ga Yuli, kusan wata guda kafin tsutsar ta fito. Na Sasser kuwa tun 13 ga Afrilu. Wato magani ya riga cutar zuwa, mutane ne ba su sha ba.

Shi ya sa fomatin bai wadatar ba. Mai gyara zai goge komai, ya ɗora maka Windows daga tsohon faifan da babu facin a ciki, ka koma ka jona intanet, cikin 'yan mintoci ta dawo. Ka yi asarar kuɗi, ka yi asarar takardunka, ƙofar kuma tana nan a buɗe.

Kafin komai, ka tabbatar tsutsar ce. Kwamfutar da ke ɗaukewa ɗif ba tare da wani saƙo ba, galibi zafi ne ko batir, musamman idan ƙura ta toshe fanka. Wannan aikin bushewa da shara ne, ba na manhaja ba.

Idan kuwa ƙirgen nan ne, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta shutdown -a, ka danna Enter. Ƙirgen zai tsaya, ka samu sararin aiki. Nan take zare wayar intanet ko ka kashe Wi-Fi. Buɗe Task Manager da Ctrl, Shift da Esc, ka duba ko akwai msblast.exe ko avserve.exe, ka dakatar da shi, sannan ka nemo fayil ɗin ka goge. A XP ka kashe System Restore na ɗan lokaci, don kada ta ɓuya a can. Facin da manhajar sharewa kuma, ka sauke su a wata kwamfuta mai lafiya, ka kawo a filashi mai tsabta. Ka kunna Windows Firewall tukuna, sai ka mayar da intanet. A Windows 10 da 11 abin ya fi sauƙi: cikin Windows Security akwai Microsoft Defender Offline, wanda ke bincike kafin Windows ta gama tashi, lokacin da tsutsar ba ta samu damar ɓuya ba.

Wani abu da ake yawan mantawa: kwamfutar da ke mutuwa ba lallai ita ce mai ɗauke da tsutsar ba. Wata ce a ofis ɗin ke ta kai mata hari. In kana da guda biyar a shagonka, duka biyar za ka duba.

Yanzu maganar da ba a son ji. Da yawanmu mun kashe Windows Update saboda tana shan data. Gaskiya tana sha, ban musa ba. Amma a watan Mayun 2017 WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila ta wata ɓaraka da aka fitar da facinta tun watan Maris. Labari ɗaya ne da na 2003. In data ce matsalar, ka ware rana ɗaya a wata ka bar ta ta sabunta. Microsoft kan saki facinta ne a Talata ta biyu ta kowane wata.

Shi kuwa mai tsohuwar XP a shagon buga takardu, Microsoft ta daina kula da ita tun Afrilun 2014, Windows 7 kuma tun Janairun 2020. In dole sai da ita saboda tsohuwar firinta, a bar ta ta yi bugu kawai, kada a jona ta da intanet, filashin kwastoma kuma a fara duba shi a wata kwamfutar.