Aiki Ya Yi Ƙaura, 'Ya'yanmu Sun Bi Sawu

Duk wanda ya tashi daga Tamale ya nufi Bolgatanga zai ratsa Pwalugu, inda masana'antar tumatir take tsaye shiru. An aza harsashinta a zamanin Kwame Nkrumah, ta daina aiki a 1990, aka farfaɗo da ita a mulkin Kufuor da sunan Northern Star, ba a jima ba ta sake durƙushewa. Gaba kaɗan, a Zuarungu, masana'antar naman gwangwani ta rufe tun shekarun 1990. A nan Tamale ma, injin casar shinkafa na kamfanin Nasia, wanda ya yi tashe a shekarun 1970 lokacin shirin ciyar da kai na Janar Acheampong, ya bi sahunsu.

Idan aka zo ƙidayar asara, masu karɓar albashi kaɗai ake lissafawa. Wannan lissafi gurgu ne. Ina manomin rani na madatsar Tono, wanda tumatirinsa ke ruɓewa a kwando don rashin mai saye? Ina direba da makanike, da mai tuwon da ke bakin ƙofar masana'anta? Ranar da injin ya tsaya, tukunyarsu duka ta sauka.

Aikin kuwa ƙaura ya yi. Har gobe shanun arewa na tafiya da rai cikin manyan motoci, a yanka su a Kumasi da Akra. Tun da gyaran tattalin arziki na 1983 ya buɗe ƙofar shigo da kaya, markaɗaɗɗen tumatir na Italiya da Sin ya mamaye kasuwa. Da aikin ya tafi, matasa suka bi shi. Ɗalibin Hausa ya lura da sunan da ake kiran 'yan matan arewa masu dako a kasuwannin kudu, wato kayayei: "kaya" tamu ce ta Hausa, "yei" kuwa mata ke nan a harshen Ga.

A ganina, laifin gwamnatocinmu shi ne ɗaukar masana'anta a matsayin gini da inji, a yi mata fenti in zaɓe ya ƙarato. Dangote ya buɗe tasa a Kadawa ta Kano a 2016, amma ta sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir. In mai kuɗi irinsa ya sha wuya, alkawarin ɗan siyasa ba zai juya inji ba.

Kafin a sake buɗe Pwalugu, a fara ƙulla yarjejeniyar farashi da manoma tun kafin shuka, a tabbatar da ruwa da wutar lantarki, a ɗora wa tumatirin waje harajin da zai bar na gida ya numfasa. Duk ɗan takarar da ya zo Tamale da alkawarin masana'anta, mu tambaye shi waɗannan uku kafin mu tafa masa.