Ƙiyasin da Ya Zalunci Masu Ciwon Ɓarin Kai

Akwai wani hukunci da ya yaɗu a bakin likitoci har ya kusa zama ijma'i, wai macen da ke fama da ciwon ɓarin kai, musamman irin wanda walƙiya ko layuka masu ƙyalli ke gilma mata a ido kafin ya sauka, bai halatta a ba ta maganin da ke mayar wa jiki sinadarin istirojin ba idan jinin al'adarta ya fara ɗaukewa. Ni dai a wurina wannan ƙiyasi ne ɓatacce, domin an yi shi ba tare da an tabbatar asali da reshe sun yi tarayya a illar hukunci ba.

Asalin da aka ƙiyasta a kai shi ne ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana wa masu ganin walƙiyar nan saboda tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma hanin daidai ne. Amma istirojin ɗin ƙwayar haɗaɗɗe ne mai ƙarfi, an yi shi don ya hana ƙwai fita, kuma idan aka haɗiye shi sai ya bi ta hanta ya tsananta daskarewar jini. Alhali kuwa wanda ake manna wa mace a fata ko ta shafa, irin wanda jikinta ya saba yi ne, ɗan kaɗan ne, yana shiga jini ba tare da ya fara ratsa hanta ba. Shi ya sa hukumar NICE ta Ingila ta bayyana a 2015 cewa na fata, a gwargwadon da aka saba bayarwa, ba a ga yana ƙara wannan haɗari ba.

Tsoron ya samo ƙarfi daga wani bincike da aka katse a Amurka a 2002, na mata fiye da 16,000, wanda ya sa ɗimbin mata suka watsar da maganin. Sai dai matsakaicin shekarunsu 63 ne, kuma ƙwaya suka sha.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an san ɗaya daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon tun 1972, lokacin da wani mai bincike mai suna Somerville ya nuna cewa faɗuwar istirojin ce ke tayar da shi gab da haila. Saboda haka shekarun da sinadarin ke hawa da sauka babu ƙa'ida, ga gumin dare ga rashin barci, su ne mafi tsanani ga baiwar Allah, kuma a nan ne ake sallamarta da Panadol da nasihar haƙuri. Haƙuri ibada ne, amma ba a ɗora wa mutum shi alhali akwai mafita.

Ba na da'awar cewa maganin yana warkar da ciwon kai. Na ƙwaya ma yakan tsananta shi, haka nan shan da ake yi ana hutawa duk wata. Abin da ya wajaba a kan likita shi ne ya zaɓi na fata, mafi ƙarancin da zai wadatar, a ci gaba da shi babu yankewa, ya haɗa da sinadarin furojestaron idan mahaifa na nan, ya auna hawan jini, ya yi tambaya a kan taba, in kuwa walƙiyar ta ƙaru ko ta ɓullo sabuwa, ya rage maganin ko ya dakatar da shi ya sake bincike.