Tsingaron Kirkissoye

A hayin kogin Isa, daura da birnin Yamai, akwai Kirkissoye. A yau unguwa ce cikin da'ira ta 5 ta birnin. A da kuwa ƙauye ne. Da kwalekwale ake zuwa can, har shekarar 1970 da aka buɗe gadar Kenedi. Daga nan sai birni ya ƙetaro ruwa, gidaje suka yi ta cin gonaki.

Mutane sun san Kirkissoye da fadamar shinkafa, da burgu, da shanun madara. Amma akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. Masu binciken tarihi sun haƙa ƙasar wurin. Sun samo tsingaron tukwane da kayan aiki na dutse. Masu waɗannan kaya sun zauna bakin kogin nan tun dubban shekaru, tun ba a san ƙira ba. Ke nan wurin ya girme wa birnin da ya haɗiye shi nesa ba kusa ba.

Manomi ya san irin dutsen nan mai santsi, mai baki kamar gatari. Ana ce masa gatarin aradu. To, ba aradu ta jefo shi ba. Hannun mutum ne ya wasa shi, ya sare itace da shi.

Tsingaro ba ya magana in an raba shi da wurinsa. Masani yana duba zurfin ramin, da toka, da gawayin da ke kusa. Da gawayin nan ake ƙidaya shekaru. In mai haƙar tubali ya watsar da su, shi ke nan, labari ya ɓace. A Bura, cikin jahar Tilaberi, an gano tukwanen kaburbura a 1975. Daga baya ƴan kasuwa suka sa aka yi ta tono, aka kwashe da yawa zuwa ƙasashen waje. Kuɗin ya daɗe da ƙarewa, ramuka ne suka rage.

Tun 1997 akwai doka mai kare kayan tarihi. Wanda hauyarsa ta ci karo da irinsu, ya bar su nan, ya gaya wa mai gari. Wanda ya iya rubutu, ya rubuta rana da sunan gonar. Mai gari ya kai takardar ga hukuma, ko gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai.